Yadda mariri ya koma jejin Chadi

Sallar da ta wuce na kai yara gidan zoo kamar yadda muka saba duk shekara, ƙanwata ma ta haɗo ni da nata guda biyu. Ba sai na faɗi garin ba. Su dai yara sun ji daɗi, sun sha askirim sun hau lilo, amma ni wallahi na dawo gida raina a jagule, saboda wani zaki da muka tarar a ɗan ɗakin siminti yana ta kai-komo, ya je bango ya juyo, ya je bango ya juyo, haƙarƙarinsa duk a waje, ruwan da ke kwanonsa ya yi kore shar, ga samari sun yi dandazo suna jifansa da ledar fiya wata wai sai ya yi gurnani su ɗauka a waya. Ƙaramar 'yata ta ja min riga ta ce "Baba me ya yi aka kulle shi?" Na rasa abin da zan ce mata.

Na daɗe ina ganin duk wani gidan zoo zalunci ne kawai, a rufe su kowa ya huta. Abin da ya sa na sassauta shi ne labarin mariri.

Da yawa cikinmu sunan kawai muka sani, wasu ma unguwar Mariri ta Kano ce iyakar saninsu da kalmar. Dabba ce fara mai jan wuya, girmanta ya kusa na jaki, ƙahoninta dogaye sun lanƙwasa baya kamar takobi, kuma tana iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, ɗanyar ciyawa da gunar jeji sun ishe ta. Kakana falke ne, ya yi zirga-zirgar Agadas da ayari, shi ya fara ba ni labarinta, ya ce Buzaye da fatarta suke yin garkuwa saboda tauri. A da garkenta ya cika bakin hamada tun daga Muritaniya har Sudan, Nijar da Chadi kuwa nan ne cibiyarta. Sai bindigar zamani ta zo, mota mai shiga rairayi ta zo, a bi dabba da gudu har ta faɗi don gajiya, ga farin shekarun 1970 da 1980, ga rijiyoyin da aka haƙa waɗanda suka sa shanu suka zauna dindindin a makiyayar da a da sai da damina ake zuwa, sannan yaƙin Chadi ya zo ya ƙarasa sauran. A shekarar 2000 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, ta bayyana cewa babu sauran mariri ko ɗaya a jeji.

Toh amma bai ƙare a duniya ba, kuma keji ne dalili. Tun a shekarun 1960 an kama wasu 'yan kaɗan a Chadi an kai gidajen zoo na Turai da Amurka, suka yi ta haihuwa a can, ana rubuta wa ya haifi wa don kada 'yan gida ɗaya su yi ta barbarar juna jini ya lalace. A Abu Dabi ma akwai babban garke. Hukumar muhalli ta Abu Dabi ta haɗa kai da gwamnatin Chadi da ƙungiyar Sahara Conservation, aka tattaro jini daban-daban daga Amurka da Turai aka gauraya, a watan Maris na 2016 aka sauke guda 25 a jirgin sama a Chadi. Ba a sake su nan take ba, sai da suka yi watanni a wani makeken shinge cikin gandun Wadi Rime-Wadi Ashim suna sabawa da zafi da ciyawar wurin, sai da damina ta zauna a watan Agusta aka buɗe musu ƙofa, an ɗaura musu na'ura a wuya ana bin sawunsu ta tauraron ɗan adam. Kafin shekarar ta ƙare an samu haihuwa a jeji.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne dabbar da kakanninta suka tashi a bayan waya, abinci a kwano, likita a kusa, amma aka sake ta ta nemi ciyawa da kanta, ta bi ruwan sama, ta haihu ta yi reno. An yi asara, a 2018 cuta ta kashe da yawa, amma an ci gaba da kawo wasu rukuni-rukuni, kuma makiyayan da ke cikin gandun ba a kore su ba, da su ake aikin, su ne ma ke kawo labarin inda suka ga garke. A watan Disambar 2023 IUCN ta cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a jeji, lokacin sun haura 600 suna yawo abinsu.

Saki kuma ba shi ne ƙarshen magana ba. Ɗan uwan mariri na ƙasar Larabawa ya ƙare a jeji a 1972, gidan zoo na Phoenix a Amurka ya taimaka aka raya shi, aka mayar da shi Oman a 1982, amma daga baya mafarauta suka far masa, aka kuma zaftare mafi yawan gandun da aka ware masa, har UNESCO ta soke wurin daga jerin wuraren tarihi na duniya a 2007. In jejin da ya kashe dabba bai gyaru ba, mayar da ita kai ta mahauta ne.

Kuma kada mu ɗauka keji ne kaɗai hanya. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, a 1996 saura 49 kacal a duk duniya irinsu, kuma babu gidan zoo ɗin da ya ajiye ko ɗaya, waɗanda Turawa suka daɗe suna zaton su ne a gidajensu da aka gwada jini sai aka ga irin Kordofan ne. A nan cikin gonakin mutane aka tsare su, gwamnatin Nijar ta hana farautarsu, manoma suka yi haƙuri da ɓarnar wake da mangwaro, yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maradi. Wannan ya fi min, don dabba ba ta taɓa barin gidanta ba.

Shi ya sa in na tuna zakin nan nake jin ciwo biyu. Na farko yunwa da ƙuncin da yake ciki, alhali tun muna yara aka karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. Na biyu kuma wahalar tasa ba ta amfani kowa, ba wanda ya san asalin jininsa, ba mace, ba wani shiri, alhali zakin Afirka ta Yamma binciken 2014 ya nuna kusan 400 ne suka rage, yawancinsu a gandun da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, 'yan kaɗan a Kainji da Yankari. Shi wannan ko an sake shi ba zai iya farauta ba, abin da ya rage masa a duniya fili ne mai faɗi da inuwa da nama a kan lokaci, kuma wannan bai fi ƙarfin masu karɓar kuɗin ƙofa ran sallah ba.

Ni da za a ji tawa, gidajen zoo namu su rage kwaɗayin zaki da giwa da ba su iya ciyarwa, su koma kan namu da suke ƙarewa a gaban idonmu, barewa, gada, kunkuru, jimina. A Kelle ta jihar Damagaram akwai inda ake kiwon jimina mai jan wuya da niyyar mayar da ita jeji, ga abin koyi nan kusa ba sai an je Turai ba. A sa mai gadi da zai hana jifa, a sa wanda zai tsaya ya yi wa yara bayani da Hausa, wannan daga ina take, me ya rage ta.

Da daddare na nuna wa 'yata hoton mariri a waya, garke guda a cikin ciyawa ga 'yan ƙanana a tsakiya, na ce mata iyayen waɗannan ma a kulle aka haife su. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko Chadi da nisa.