Wasiƙa Daga Ingila: A Nan Kogi Ma Da Mai Shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna lafiya, da fatan gida ma haka. Na san na yi alkawarin ba ku labarin sanyi da kuɗin haya, to amma tambaya ɗaya ta hana ni sakat a WhatsApp: ga kogin Trent ya ratsa Nottingham, me ya sa ɗan Yawuri kamata yake cin kifin firji?

Takarda ce ta jawo. A Ingila duk wanda ya kai shekara 13, in zai kama kifi a kogi, sai ya mallaki lasisin fatsa daga hukumar kula da muhalli, in aka kama ka babu shi tarar kan iya kaiwa fam 2,500. Ka ɗauka shi ke nan? Ina! Lasisin nan bai ba ka ko taku ɗaya a bakin ruwa ba. Galibi mai filin da ke gaɓa shi ke da ƙasan kogin har tsakiya, ikon kamun kifin ma nasa ne. Ya kan ba ƙungiyar masu fatsa haya, su kuma su yanka maka tikitin yini. Takarda biyu ke nan kafin tanarka ta jiƙe.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne 'yar hanyar ƙafa da ke bin gaɓa. Kowa na da ikon bin ta, ka wuce ta bayan gidan mutum kana kallon kifi na wasa a ruwa, ba mai ce maka kanzil. Da ka tsaya ka warware zare, magana ta canza. Shiga filin wani yawanci tsakaninka ne da mai fili, zai ce ka fita da murmushin da bai kai zuci ba. Amma kamun kifi a ruwan da ke da mai shi laifi ne a dokar sata ta 1968, ko yunƙurin kamawar ma haka. Wanda kuma ya cika duk sharuɗɗan, sai ka gan shi tun asuba cikin raɓa, ya fito da ƙaton kifi, ya auna, ya ɗau hoto, ya mayar da shi ruwa. Wallahi har yau abin na ci mini rai.

Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kama yawancin kifayen kogi saboda lokacin ƙwai ne. Wannan kam ban ga laifinsu ba. Ai ko Matan Fada a Argungu ba a faɗa masa sai an ba da izini.

Sanyi dai ana yi, sai wani jiƙon. Ƙannena masu zuwa karatu, rashin shinge ba izini ba ne, ku duba allon da ke bakin ruwa ko ku tambaya a shagon kayan fatsa. In kwaɗayi ya matsa, ku hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku, can kifin gishiri ba ya buƙatar lasisi.

A gaida su Baba.