Sana'ar kai mutane yawon tarihi a Kano

Ƙaramin kamfani gare ni a Kano: bas ɗaya, direba, da samari biyu da ke taya ni. Aikinmu ɗaukar mutane mu zaga da su wuraren tarihi. Da yawa suna zaton Turawa ne abokan cinikinmu. A da kam suna zuwa, musamman lokacin hawan Sallah, amma tun da tsaro ya taɓarɓare ƙafarsu ta ɗauke. Yanzu masu riƙe da mu su ne makarantu, da iyalan da suka zo biki daga Abuja ko Legas, da 'yan kasuwar Nijar da Gana da suka gama sari a Kantin Kwari. Akwai kuma Kanawan kansu. Za ka ga magidanci haifaffen birni, kullum yana wucewa ta ƙofar Gidan Makama, amma bai taɓa leƙawa ciki ba. Irinsa na fi son ɗauka.

Rabin sana'ar nan sanin lokaci ne. Dutsen Dala da sassafe ake hawansa, kafin rana ta buɗe, in ba haka ba dattawa a ƙasa za su tsaya. Ranar Juma'a ba na shiga da bas cikin birni bayan hantsi. Daga Dala sai Gidan Makama, gidan da aka gina wa Muhammadu Rumfa kafin ya hau sarautar Kano a 1463. Nan ba na bari a yi sauri. Yara sun fi son su ɗau hoto su wuce, ni kuwa sai na tsayar da su gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, na ce su dubi kaurinsu, su tuna cewa da magariba rufe birnin nan ake yi. Daga nan ne labarin zuwan Turawa a 1903 yake shiga kunnensu.

Inda hankalin kowa ke kwanciya shi ne karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Marini na zaune bakin rami, ya tsoma zane a ruwan baba da toka, ya ɗago shi. Sai ka ga zanen kore-kore, kafin ka ƙifta ido iska ta mayar da shi shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, a haka har launin ya kama. Kafin kowa ya fito da waya nakan ce: "A gaida Baba tukuna, a nemi izini." Kuma ina sa kuɗin hasafin marina cikin lissafina tun farko, tare da na mai, da na shiga, da ruwan sha. Mutumin da ya bar aikinsa ya yi wa baƙinka bayani bai kamata a bar shi da "mun gode" kawai ba. Ramuka da dama a wurin sun bushe, babu mai aiki a kansu, shi ya sa nake roƙon baƙi su sayi ko da ɗankwali ne.

Abin da na fi horar da yarana a kai shi ne su raba abin da aka tabbatar da abin da aka gada a baki. In mun yi doguwar tafiya zuwa Daura, gaban rijiyar Kusugu, muna ba da labarin Bayajidda da macijiya yadda kakanni suka bayar, muna kuma faɗa cewa na baka ne. A Katsina, tsohuwar kwalejin da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wannan a rubuce yake. Baƙo ya san bambancin, kuma ya fi yarda da kai in ka faɗa masa.

Badala ce ke ci min rai. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, yau wani wurin an ɗebe ƙasarta, wani wurin an yi gini a kanta. Akwai inda nake tsayar da bas shekarun baya na nuna wa ɗalibai tsayinta, yanzu shaguna ne jere a wurin, dole na canza hanya.