Kafin ka biya kamfanin nemo gurbin wasa a Amurka

Ƙannena 'yan ƙwallo da ke burin karatu a jami'o'in Amurka ta hanyar wasa, ku riƙe wannan kafin ku zaro ko sisi: koci ne ke ba da gurbi, kuma shi kaɗai ke da ta cewa a kan wanda zai ɗauka.

Ni na biya wani kamfani, da kuɗin da mahaifina ya sha wahala kafin ya haɗa. Sun buɗe mini shafi mai hotona da tsayina da nauyina, suka tura saƙo iri ɗaya ga kociyoyi barkatai. Amsoshin da suka dawo yawancinsu gayyata ce zuwa sansanin gwaji, shi ma sai an biya. Sai daga baya na gano adireshin imel na kociyoyin nan yana shafin wasanni na jami'o'insu, kyauta. Har yau abin yana yi mini ciwo, don gumin mahaifina ne ya tafi.

Da na fara da sanin tsarin, da ban yi gaggawa ba. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, tana da rukuni uku, kuma jami'o'in rukuni na 3 ba sa ba da tallafin wasa sam (wato ɗauke wa ɗan wasa kuɗin makaranta saboda wasansa), sai dai na ƙwazon karatu ko na masu ƙaramin ƙarfi. A lissafin hukumar da kanta, kusan kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan sakandaren Amurka ne ke samun tallafin wasa, kuma da yawansu wani ɓangare na kuɗin makaranta kawai ake ɗauke musu. Akwai kuma jami'o'in da ke ƙarƙashin wata hukumar wasanni daban mai suna NAIA, da kwalejojin shekara biyu na hukumar NJCAA, waɗanda na raina a lokacin, alhali ta nan 'yan ƙasashen waje da dama ke shiga.

In kana da ɗan kuɗi, ga inda ya kamata su tafi. Ka samu mai ɗaukar bidiyo ya ɗauke ka a wasa na gaske, daga wuri mai tudu yadda za a ga fili, ka yanko 'yan mintuna, ka sa abin da ka fi gwaninta a farko. Ka ajiye cikakken wasa ɗaya, domin kocin da ya ƙyasa zai nema. Ka yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA in rukuni na 1 ko na 2 kake hari. Sannan don Allah ka riƙe karatu! Sakamakon WAEC mai rauni yana rufe ƙofar da ƙafarka ta buɗe. Batun takardar I-20 da makaranta ke bayarwa don neman biza, da bizar ɗalibai ta F-1 kuwa, ofisoshin ba da shawara kan karatu a Amurka na EducationUSA a Abuja da Legas suna wayar da kai a kansu.

Ban ce duk kamfanonin mayaudara ba ne. Wanda iyayensa ke da hali, kuma ba shi da mai taya shi rubuta saƙo da bin kwanakin rajista, zai iya amfana. Amma ka tambaye su sunayen makarantun da 'yan Afirka suka shiga ta hannunsu, ka nemi magana da ɗaya daga cikin yaran. Wanda ya yi maka alkawarin tallafi, ko ya ce a biya shi gwargwadon tallafin da ka samu, ka tashi ka ba shi wuri. Dokar NCAA ta hana irin wannan biya, kuma kai ne zai iya jawo wa rasa damar buga wasa.