Yau na ɗinka wa kwale-kwalena murfi

Asabar, da dare.

Allura ta soke ni sau biyu, bayana ya ƙage, amma dai goshin kwale-kwalen ya samu rufi. Tun makon jiya abin yake cina, ranar da iska ta taso mini a tsakiyar tafki, igiyar ruwa tana marin gaban jirgin tana watso mini feshi ciki. Kowane mari ɗan ruwa kaɗan ne yake kawowa, sai dai kafin in kai gaɓa na ajiye filafili na kwarfe ruwa ya fi a ƙirga. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, wato lita 20 a cikin jirgi kilo 20 ke nan, kuma kaya ne da ba ya zama wuri ɗaya. Jirgi ya karkata hagu, ruwan ya gangara hagu ya ƙara danne shi. Wannan ne ya tsorata ni, ba jiƙewar wando ba.

Jirgin nawa ƙarami ne, mita 4, buɗaɗɗe daga kai har gindi. Na yanke shawarar murfi biyu: na gaba mita ɗaya da ɗan ɗori, na baya santimita 90, tsakiya inda nake zama a bar shi a buɗe.

Yadi iri biyu nake da shi, nailan da foliyesta, dukansu masu shafin roba a baya. Nailan ya fi laushi a hannu, har na ɗauko almakashi, sai na tuna halinsa: yana shan ruwa, in ya jiƙe ya saki, abin da ka ja ya yi tam da safe sai ka tarar ya yi lakwas da rana. Rana ma ta fi saurin cin sa. Na mayar da shi na ɗauki foliyesta.

Awon ne ya ci mini safiya. Leɓen kwale-kwale ba miƙaƙƙe ba ne, yana lanƙwasa ciki yana kuma hawa sama wajen hanci, don haka tef ɗin awo kaɗai ƙarya zai yi maka. Na shimfiɗa leda mai kauri a kan goshin, na kafe ta da salatif, na bi leɓen da alƙalamin maka ina zanawa. Da na cire na ninka ta biyu a kan layin tsakiya, sai ga dama ta fi hagu da santimita 2. Ƙanena ya ce jirgin ne karkatacce. Hannuna ne. Na raba bambancin, na ƙara santimita 5 na abin da zai sauko gefe, da 3 na kalmasa, sannan na yanka. Bakin yadin na bi shi da harshen kyandir a gurguje don ya narke ya daina zare.

Keken ɗinkin gida ne, ba na masu tamfol ba. Allurar farko ta karye a kwanar da yadi ya ninku huɗu. Na sa mai lamba 18, na saki ɗinkin ya yi tsawo, domin kowace huda ƙofar ruwa ce, kuma hudoji kusa da juna su ne ke sa yadi ya yage a layi. Zaren ma foliyesta ne, na auduga ruɓewa yake yi a danshi. Gefen robar ya riƙa maƙalewa yana ƙin tafiya, sai da na sa siririyar takarda a ƙarƙashi, in na gama layi in yage ta.

Sai wajen huda jirgi. Na riƙe injin hudar na tsaya kamar wanda aka ce ya yi wa ɗansa allura. Maɓallan dannawa na sa, na ƙarfen da ba ya tsatsa, ƙasa da leɓe kaɗan, tazarar santimita 20 tsakani. Kowane rami sai na ɗiga masa gam ɗin toshe ruwa, in sa wosha, wato ɗan faifai mai rami a tsakiya, ta ciki, sannan in ɗaure. Daga hanci na fara, ɗaya dama ɗaya hagu, ina ja ina sa alama a yadin kafin in buga masa nasa rabin. Wanda ya gama gefe guda kafin ya taɓa ɗayan, murfinsa zai karkace.

Da la'asar na ce ƙanena ya ɗebo bokiti ya watsa. Ruwa bai shiga ba, amma bai tafi ba. Ya taru a tsakiyar murfin ya yi tafki, yadin ya lotsa, daga nan ya fara gangarowa baya, daidai inda cinyata za ta kasance. Dariya ya yi ta yi. "Yaya, ai kwano ka ɗinka."

Gaskiyarsa. Shimfiɗaɗɗen murfi ba ya korar ruwa, sai yana da doro. Na tono sandar wani tsohon tanti, irin mai lanƙwasa ta dawo, na yanke ta ta ɗan fi faɗin jirgin, na ɗinka mata aljihu a ƙarƙashin yadin, na tokare ta a gefe da gefe. Nan take murfin ya tashi kamar bayan kunkuru. A bakinsa na baya kuma na cusa igiya mai kauri cikin kalmasa, ta zama ɗan tudu da zai juya ragowar ruwa ya fita ta gefe. Bokiti na biyu ya zube ƙasa gaba ɗaya.

Sai ya ce, "To Yaya, me zai hana mu rufe har tsakiyar, ka leƙo da kai kawai?" Na ƙi. In jirgi ya kife, so nake in faɗo in rabu da shi, ba in tsaya kokawa da yadi da igiya a ƙarƙashin ruwa ba. Saboda haka ma na ƙi ɗaurin igiya na zaɓi maɓalli, na kuma ɗinka jan madauki a kowace kusurwa, fizga ɗaya su ɓalle a jere.

Duhu ya kama mu saura maɓalli 4 a murfin baya, kuma ban shafa wa layukan ɗinkin gam ba tukuna. Gobe in Allah ya kai mu zan ƙarasa da sassafe, in bar gam ɗin ya bushe. Gwajin ruwa sai jibi, kusa da gaɓa, da rigar ceto a jikina da gwangwanin kwarfa a gefen ƙafata.