Na Je Ganin Dinkinesh a Addis Ababa

Daga Kano muka taso, muka sauka filin jirgin Bole da dare, sanyi kamar tsakiyar hunturu. Addis Ababa a kan tudu take, sama da mita 2,300, shi ya sa bene biyu kawai na hau a masauki sai haki. Taron da ya kawo ni ya cinye kwana ɗaya, ɗayan kuma na ware wa gidan tarihi na ƙasa da ke Amist Kilo, kusa da jami'a.

Da na ce wa mai tasi Lucy zan je gani, wato ƙwarangwal ɗin wata tsohuwar halitta daga dangin kakannin ɗan Adam, sai ya gyara mini: su Dinkinesh suke ce mata, wato "ke abar mamaki ce" a harshen Amhara.

A ɗakin ƙasa take. Abin da ke cikin gilashin kwafi ne, ƙasusuwan ainihi suna adane. Ni da na zaci wata gabjejiya zan tarar, ashe tsayinta mita ɗaya ne da 'yan kai, kamar 'yar shekara biyar. Wani masani mai suna Donald Johanson ne ya tsince ta a Hadar, yankin Afar, a 1974, kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwarangwal ɗinta. Tokar aman wuta da ke ƙasan wurin aka auna, aka samu shekara miliyan 3.2.

Ƙashin cinyarta ne ya tsayar da ni. Ya karkato ciki ya nufi gwiwa, irin namu, ƙugun kuma gajere ne mai faɗi. Mai tafiya da ƙafa biyu ke da irin wannan ƙira. Amma hannuwanta dogaye ne, ƙwaƙwalwar jinsinta kuwa ba ta fi ta birin cimfanzi da yawa ba. Ke nan tafiya a tsaye ta riga babbar ƙwaƙwalwa zuwa.

Muna makaranta mun sha dariyar "wai mutum daga biri yake". Wata ma'aikaciyar gidan ta ce mini, "Malam, masana ba haka suka faɗa ba, cewa suka yi kaka ɗaya muka haɗa da su." Da ta ji daga inda na fito, sai ta kawo maganar Toumaï, ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da aka haƙo a hamadar Jurab ta Chadi a 2001, mai kusan shekara miliyan 7. Maƙwabtanmu ne, amma sai a Habasha na fara jin sunansa.

Na fito na samu mai gahawa a bakin titi tana gasa ƙwaya a kasko, na zauna, na miƙe ƙafa ina duban gwiwata.