Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Baturen da Nake Yankewa

A makon jiya na tsaya a ranar da aka ɗauke ni daga ɗakin ajiyar kaset aka kai ni ɗakin tacewa. Masu jiran labarin aurena su ƙara haƙuri, yana tafe. Yau labarin wani mutum ne da bai san Allah ya yi ruwan tsirata ba, amma na yi shekaru ina kallon fuskarsa fiye da yadda nake kallon ta 'yan uwana.

Benny Hill ake ce masa, Baturen Ingila, mai kumatu da murmushin yaron da ya yi ɓarna yana jiran a gane. Gidan talabijin na Thames da ke Landan ne ke shirya wasansa tun 1969, yana sayar wa ƙasashe masu yawa, mu ma tasharmu ta saya. Ranar farko shugaban sashenmu ya dire min kaset ɗin U-matic guda shida a kan tebur.

"Duk inda ka ga mace ba suturar kirki, cire. Duk maganar da ba za ka iya maimaitawa gaban mahaifinka ba, cire."

Na kalli na farko har ƙarshe, na koma ofishinsa na ce, "Ranka ya daɗe, to me zai rage?"

Ya ce, "Abin da ya rage shi za mu sa."

Yaran yanzu da ke gyara bidiyo a waya ba za su gane wahalar ba. Na'ura biyu ce, ɗaya tana karanta kaset na asali, ɗaya tana ɗauka a sabo. Ka tsayar, ka koma baya, ka sa alama, ka tsallake wurin da ba a so, ka ɗora. In ka yi kuskure a tsakiya, sai dai ka sake daga nan har ƙarshe. Shirin kusan rabin awa yakan dawo min minti goma sha biyar. Abin da ke tsira daga hannuna kuwa shi ne wasan da ba magana: faɗuwa, zare ido, gudun tsere da ake ƙara wa sauri a ƙarshen shiri, da ɗan tsohon nan mai sanƙo, Jackie Wright, da Benny ke tafa wa kai. Wannan ɓangaren ba ya bukatar tafinta. Maigadinmu da bai jin Turanci ko na sisin kwabo yakan leƙo ta taga yana dariya har da riƙe ciki.

Wanda ke kallon mutum hoto bayan hoto yana ganin abin da mai kallo a falo ba ya gani. A kaset ɗin shekarun baya Benny yana tsalle kamar ƙwallo. A na ƙarshe-ƙarshen shekarun 1980 jiki ya yi nauyi, wuya ya cika, in na tsayar da hoto bayan ya yi gudu sai in ga baki a buɗe yana neman numfashi. Ɗan tsohon mai sanƙo ma ya ɓace daga shirin, rashin lafiya ta zaunar da shi, ya rasu a farkon 1989.

A shekarar ce kuma Thames ta soke shirin, bayan shekara ashirin. Shugaban sashen nishaɗinsu na lokacin, John Howard Davies, ya kafa hujja da cewa masu kallo na raguwa, shirin na cin kuɗi, shi kansa Benny ya fara nuna gajiya. Amma kowa ya san akwai wata a ƙasa. An daɗe ana sukarsa a Ingila kan yadda yake nuna mata, sababbin 'yan barkwanci irin su Ben Elton suna caccakarsa a fili. Da na ji haka sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗakin tacewa. Ashe abin da nake cirewa da hannuna a nan, shi ya cinye shi a garinsu. Ba zan ce masu sukar ba su da gaskiya ba, ni ne shaida, ni na san yawan abin da na zubar. Sai dai raina bai so yadda aka haɗa da tsakuwa da hatsi aka watsar ba.

Sauran labarin daga baya na tsince shi, a rediyo da tsofaffin mujallu. Ya yi ƙoƙarin tashi. Ya je New York ya ɗauki wani shiri na musamman da aka nuna a 1991, domin Amurkawa ba su daina sonsa ba. Ya kuma shiga magana da wani gidan talabijin na Ingila, Central, kan sabon shiri. Jiki ne ya ƙi. A watan Fabrairu na 1992 ciwon zuciya ya kwantar da shi, har Michael Jackson ya je asibiti duba shi. Likitoci suka ce ya rage ƙiba, a kuma yi masa tiyatar zuciya, ya ce a'a. Ba a jima ba aka gano ƙodarsa ma ta gaza.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne irin zaman da yake yi. Mutum mai miliyoyin fam, bai taɓa aure ba, bai da ɗa, bai da mota, yana zaune a gidan haya a Teddington, kusa da ɗakunan ɗaukar shirin da suka sallame shi. A hutun Ista na watan Afrilu aka yi ta buga masa waya ba a ɗauka. A ƙarshen makon ne wani tsohon ɗan barkwanci, Frankie Howerd, ya mutu, jaridu suka buga ta'aziyya da sunan Benny, alhali mai shirya masa wasa, Dennis Kirkland, ne ya ba da ita a madadinsa da ya kasa samunsa. Ranar 20 ga wata aka same shi zaune a kujerarsa gaban talabijin, rai ya yi halinsa tun kusan kwana biyu. Jini ne ya toshe masa jijiyar zuciya. Shekararsa 68.

Aka binne shi a Southampton, garin da aka haife shi a 1924. Wasiyyar da ya bari tsohuwa ce, wadda ya bar wa iyayensa dukiyarsa a ciki, su kuwa sun riga shi tafiya, don haka dukiyar ta koma ga 'ya'yan 'yan uwansa. Ko kabarin bai tsira ba: bayan 'yan watanni wasu suka tone shi saboda jita-jitar an binne shi da zinariya, sai da aka rufe shi da kankare.

Ni a rediyon ɗakin tacewa na ji mutuwar, ina cikin wani aikin. Na fita na gaya wa maigadi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wanne? Mai dukan tsohon nan?" Na ce shi. Ya ce, "Ina iyalinsa suke har ya kwana biyu?" Na ce babu. Bai sake cewa komai ba, ya koma kan bencinsa.

Bayan kamar wata biyu shugabanmu ya kira ni. Izinin nuna shirin ya ƙare, na asali za a mayar, kaset kuma ya yi mana ƙaranci. Ya ce in kwashe duk waɗanda na tace in goge, sashen labarai na bukata.

"Ranka ya daɗe, duka?"

"Duka mana. Gadonka ne?"

Na'urar gogewa akwati ce mai maganaɗisu, ka ɗora kaset, ta yi ƙugi na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Aikin shekaru na goge kafin a tashi daga ofis. Da na ƙirga waɗanda zan kai sashen labarai, na rubuta talatin da ɗaya a takarda, alhali talatin da biyu na ɗauko daga kanta.

Wannan kaset ɗaya da na sa a jakata ya kusa raba ni da aikina, shi ne kuma sanadin haɗuwata da matar da na aura. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.