Kafin ka ce a yi wa kwamfutarka fomatin

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40, yawancin laftof ɗin da ake kawo mini shago a Runjin Sambo ƙorafinsu ɗaya ne: ta yi nauyi. Kuma kusan kowa da maganinsa yake zuwa a baki, "Malam, a yi mata fomatin." Abin nan yana damuna ƙwarai, musamman idan ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne da furojet ɗinsa a ciki. Fomatin share komai yake yi, kuma sau da yawa ba a jima ba nauyin ya dawo, don ba a taɓa asalin ciwon ba.

A garin nan, abu na farko da nake zargi shi ne zafi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, an ƙera ta yadda idan zafinta ya doshi maki 90 zuwa 100 za ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. To ga ƙurar hunturu da fanka ta yi ta zuƙa tun Nuwamba, ga kuma zafin bazara ya iso a kai.

Kwanaki 'yar maƙwabcinmu ta kawo tata, ta ce, "Kawu, wagga kwamfuta da na kunna ta sai fanka ta kama ƙara, kuma ba ta komi." Na sa sukudireba na buɗe bayanta a gabanta. Tsakanin fanka da siraran ƙarafunan da iska ke fita, ƙura ta dunƙule ta yi kauri kamar audugar tsohuwar katifa, ja-ja-ja, har na ɗago ta guda da ɗan tsinke. Man nan mai launin toka da ake shafawa a kan furosesa don ya miƙa zafi ga ƙarfen sanyaya kuwa ya bushe ƙamas, yana ɓarɓashi. Na share da buroshi, na goge tsohon man, na ɗiga sabo. Da muka kunna, ƙarar ta kwanta, aikinta kuma yana nan yadda ta bar shi. Na tambaye ta ina take ajiye ta idan tana karatu, ta ce a kan gado. Katifa da darduma da filo duk toshe ramukan iska na ƙasa suke yi. A ɗora ta a kan tebur ko faranti, a ɗan ɗaga bayanta, kuma a share cikinta ko sau ɗaya ne a shekara, bayan wucewar hunturu.

Idan ba zafi ba ne, sai ka tambayi kwamfutar da kanta. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, wato shafin da ke nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, zai buɗe. Dubi inda aka rubuta Disk da Memory. In ka ga Disk ya tsaya cak a kashi 100 alhali ba ka buɗe komai ba, to kusan kullum tsohon faifan ajiya ne. A nan kuma akwai sashen Startup, inda manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta suke jere. Kashe waɗanda ba ka buƙata da safe, ba za su goge ba.

Maganar faifan nan ita ce na fi so mutane su gane. Yawancin laftof na hannu da ake sayarwa da araha suna zuwa da faifai mai juyawa, sau 5400 a minti, da ɗan hannu a ciki da ke yawo yana neman bayani. Abin da yake iya karantawa bai wuce megabait 100 da 'yan kai a daƙiƙa ba. SSD kuwa, wato sabon nau'in ma'ajiyar bayanai, ba shi da abin da ke motsi, na talaka ma yana kai megabait 500, kuma wajen neman ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa. Ban san wani gyara da ke canza tsohuwar kwamfuta kamar wannan ba. Wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne, SSD nake ce masa ya saya, ko mai gigabait 256 ne, sannan tsohon faifan a sa shi a ɗan akwati ya zama ma'ajiyar waje. RAM ke biye, wato Memory ɗin nan da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsa: a ƙara shi daga gigabait 4 zuwa 8, musamman ga mai buɗe shafuka barkatai a Chrome. Amma a duba kafin a saya, don RAM iri-iri ne, nau'in DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, wasu laftof kuma nasu a liƙe yake, ba ya ƙaruwa.

Manhajojin da ke alkawarin "wanke" kwamfuta da danna ɗaya, ban yarda da su ba, su kansu nauyi ne. Haka ma tara antibairos biyu ko uku. Wanda Windows ke zuwa da shi ya isa, in dai ana sabunta shi, kuma ana bincika filash duk lokacin da ya dawo daga shagon buga takardu.

Akwai kuma caja. Wasu laftof na Dell idan ba su gane cajar da aka sa musu ba, rage gudun furosesa suke yi da gangan. Haka idan wuta ta ɗauke aka koma tsimin batir, gudu yakan ragu, wannan ba ciwo ba ne.

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, sai mutane suka koma ɗura Windows 11 da ƙarfi a kan na'urorin da ba su cika sharaɗinsa ba, kamar ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. A kan tsohon faifai da RAM mai gigabait 4, wahala kawai ake saya. Irin waɗannan na fi son in sa musu Linux Mint, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, in dai aikin mai ita rubutu ne da intanet.

Fomatin yana da ranarsa: idan bairos ya yi kaka-gida, ko Windows ya lalace har ba ya gyaruwa. Ko a ranar, ba na farawa sai mai ita ya zauna kusa da ni mun kwashe fayilolinsa zuwa wani faifai, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar suna aiki, ya kuma tura furojet ɗinsa zuwa imel ɗinsa.